Tsaga a Wilin Gaba

Shekara arba'in da ɗaya Kuwabara Shigeo ya yi yana goge cokula da butoci a garin Tsubame, inda ko jariri ya san ƙarar injin guga kafin ya san muryar ubansa. Abin da ya koya a duk shekarun nan bai taka kara ya karya ba: idan ka ga zane a jikin ƙarfe, ka ɓatar da shi kafin idon wani ya kai. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Agogon ya tsaya a shekara ta biyu, bai saya masa batir ba.

Matarsa Harue ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ta bar masa gida, da tukwanen furanni da suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, da ƙaninta Tokuji, wanda shi kam ya ƙi bushewa.

Wata Litinin da hantsi Tokuji ya tsayar da ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya a ƙofar gida, ya danna ham sau uku kamar gidan kurma ya zo.

"Tsoho, kana da rai?"

"Da na mutu ai da ka ji. Kai za ka fara zama gaban abincin makoki."

Tokuji ya yi dariya, ya sauko da wilin babur guda biyu, na alminiyam, baƙin fentinsu duk ya yi ɓawo. Shigeo ya gane su. Na babur ɗin da Tokuji ya yi samartaka a kansa ne, wanda ya shekara biyu yana tayar da shi a bayan gida domin 'yarsa Chizuru. Ita kaɗai gare shi. Ta samu aikin jinya a Aizu, can bayan duwatsu, kuma ta kafe sai a kan babur ɗin babanta za ta tafi, ranar Asabar ta sama.

"So nake su zama madubi," in ji Tokuji. "Ka lallaɓa min su, an daina yin irinsu, ko a mafarki ba a samu. Amma in hannun ya mutu ka faɗa min tun yanzu, in kai wa yaran zamani."

"Ajiye ka tafi, kana tare min haske."

Da motar ta bar layin, Shigeo ya tsaya yana kallon wilin nan biyu ya daɗe. Shekara biyar ke nan ba wanda ya kawo masa ko murfin tukunya ya ce goge min.

Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a rumfar bayan gida, ya shafe wilin biyu da maganin cire fenti. Fentin ya tattare kamar fatar madarar da ta tafasa, ya bi da guntun gora yana kankarewa, don ƙarfe zai ji wa alminiyam ciwo. Ya wanke, ya sake shafawa, ya sake wankewa. Har waƙa ya kama kansa yana yi.

A kwana na uku ya gan ta. A wilin gaba ne, a gindin ɗaya daga cikin hannuwa bakwai da suka haɗa cibiya da baki. Layi ne siriri kamar gashi, tsawonsa bai fi farce ba. Ya sa farcen nasa, farcen ya maƙale.

Da za a ce bai gane ba, da an yi masa adalcin da bai cancanta ba. Zane miƙewa yake yi, tsaga kuwa karkacewa take yi kamar hanyar tururuwa, kuma wannan karkatacciya ce. Ya sani sarai. Ya kuma san abin da ake yi wa wilin da ya tsage: a ajiye shi gefe, a kira mai shi. Sai dai in ya kira, aikin ya ƙare ke nan. Tokuji zai zo ya kwashe kayansa, ya bar masa jaridu da warin magani da sauran ranakun mako.

Bai zauna ya yanke shawara ba. Hannun ne ya riga ya ɗauki samfefa, shi kuma ya ƙyale hannun.

Ya fara da mai lamba ɗari huɗu, yana tsoma ta a ruwan sabulu. Ya koma ɗari takwas, ya koma dubu da ɗari biyar, ya ƙare da dubu biyu, wadda ta fi tafin hannunsa laushi. Kowace tana cinye zanen da ta gabanta ta bari. Sannan ya kunna injin, ya shafa wa faifan ƙyalle man guga, ya kanga wilin. Alminiyam ƙarfe ne mai taushi. Idan ya ji zafin faifai sai samansa ya ɗan malale, ya rufe bakin duk abin da ke ƙasa, kamar yaɓe a kan katangar da ta dare. Da ya ɗaga, layin babu shi. Fuskarsa ce kawai a wurin, baƙa ƙirin da ƙurar ƙarfe.

Kwana takwas ya yi, bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Ranar Talata ya kai musu. Tokuji ya ɗaga wilin gaba ya juya shi a rana, bakinsa ya mutu, abin da Shigeo bai taɓa gani ba tun ranar ɗaurin auren Tokujin. Chizuru ta durƙusa tana leƙa fuskarta a ciki.

"Kawu! Ai ba sai na sayi madubi a can ba. A nan zan riƙa kwalliya."

"Kar ki fasa masa kai," in ji Tokuji. "Dama can ƙofa da ƙyar take ɗaukarsa." Amma shi da kansa ya tsallaka ya kira maƙwabci ya zo ya gani.

Chizuru ta sunkuya har gashinta ya rufe fuskarta, ta miƙa masa kwalin alewar wake da hannu biyu. Ya karɓa da hannu biyu shi ma. Nan ne ya kamata ya yi magana, sai ya ce da su bai yi wani abin kirki ba, aikin tsofaffi ne kawai. Suka ɗauka tawali'u ne.

A gida ya ajiye kwalin gaban hoton Harue, kamar yadda ake yi da duk abin da ya shigo gida kafin mai rai ya taɓa. Ya kunna turare. Bai yi minti biyu ba ya ɗauke kwalin ya tura shi saman firij. Harue ce ta yi wa Chizuru wankan farko.

Laraba ya wuni yana yi wa kansa lauya, kuma lauyan ba laifi. Wataƙila tsagar ta shekara ashirin a wurin ba ta yi wa kowa komai ba. Yarinyar ba ta da nauyi. Masu ƙera wili suna barin ƙarfi fiye da buƙata. Duk gaskiya ne. Sai dai ya san hanyar Aizu, ya san gangaren da ke bayan ramin da hanya ta ratsa cikin dutse, inda mai babur ke matse birkin gaba a lanƙwasa bayan lanƙwasa, nauyin duka ya koma kan wili ɗaya. Ya dafa shinkafa ya bar ta a tukunya.

Alhamis da safe ya buga waya.

"Me kuma?" in ji Tokuji. "Yabon bai ishe ka ba, a ƙaro?"

"An ce za a yi ruwa ranar Asabar."

"Wa ya ce? Gwiwarka? Rana za a yi tas."

"To," in ji Shigeo, ya ajiye wayar. Mutum mai shekara sittin da tara, ya tsaya a tsakar ɗaki yana jin kunyar na'urar waya.

Juma'a bayan azahar ya ɗauki jaka. Ya sa samfefa mafi kaushi da yake da ita, da kwalbar kananzir, da tsumma, da allin da ya daka ya ƙulle a takarda. Ya hau kekensa.

Ya tarar da babur ɗin a tsakar gida, Chizuru tana ɗaure jakunkuna a baya, Tokuji yana zaune a dakali yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

"Kawu, sannu da zuwa! Jiya na gwada shi har bakin teku. Kowa sai ya waiwayo. A dawowa na ɗan ba shi wuta, kar ka gaya wa Baba."

"Ina ji dai," in ji Tokuji.

Shigeo ya jingina keken da kyau. Bai gaishe su ba. Ya durƙusa gaban wilin gaba, ya juya shi a hankali har hannun da yake nema ya zo, ya ɗora samfefar a kan madubin ya ja.

Ƙarar ta ta da Tokuji tsaye.

"Kai! Kai, tsoho! Ka haukace ne?"

"Matsa."

"Ka san abin da kake yi kuwa? Gobe fa za ta tafi!"

"Na ce matsa, kana tare min haske."

Ya kankare wuri kamar faɗin tafin yaro, har ƙyallin ya koma toka-toka. Ya jiƙa shi da kananzir ya bar shi ya sha. Chizuru tana tsaye da igiya a hannu. Bayan kamar shan shayi ɗaya ya goge wurin tas da tsumma, ya barbaɗa alli, ya hura.

Da farko fari ne kawai. Can sai kananzir ɗin da ya shige ciki ya fara fitowa, ya zana layi mai duhu a cikin allin, a karkace. Ya fi yadda ya bar shi. Yanzu ya kai farce biyu, ya kama hanyar cibiya.

Tokuji ya sunkuya ya duba, ya koma ya zauna a ƙasa, ba a dakalin ba.

Chizuru ma'aikaciyar jinya ce, ba ta buƙatar a fassara mata. Ta rufe baki da hannu. "Kawu, ka ceci raina. Yaya aka yi ka gane? A jikinka ka ji?"

Ga ƙofa an buɗe masa, har da tabarma. Abin da ya rage kawai ya ce a jikinsa ya ji, ido ne na shekara arba'in, a ƙara masa wani kwalin alewa. Tokuji ma ya ɗago yana dubansa da wata fuska da bai taɓa yi masa ba, yana shirin yin godiya.

"Na gan ta tun kwana na uku," in ji Shigeo. Allin yake kallo. "Kafin in goge. Na sa farce, ya maƙale. Ni na rufe ta."

Chizuru ta sauke hannunta.

"Ban gane ba," in ji Tokuji.

"Ka gane."

"Me ya sa?"

"Da na faɗa, da ka kwashe kayanka."

Da Tokuji ya yi magana muryar ba ta tashi ba, kuma bai ce masa tsoho ba.

"Jiya ta hau shi."

"Na ji."

"Ka zauna a gidan nan ranar Talata ka karɓi alewa. Ka buga min waya kana zancen ruwan sama."

"Haka ne."

Shigeo ya dafa ƙasa da hannu biyu zai kai goshinsa ƙasa ya nemi gafara, Tokuji ya ce, "Kar ka yi min wannan a gida. Ba na so."

Chizuru ta juya ta fara kwance igiyar da ta ɗaure. Ta sauke jaka ɗaya, ta sauke ta biyu, ta jera su a bakin ƙofa. "Akwai jirgin ƙasa ƙarfe tara da wani abu," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba. "Bari in duba." Ta cire takalmi ta shige ciki. Ba ta kawo shayi ba.

Shigeo ya fara tattara kayansa. Ya rufe kwalbar, ya ninke tsumman.

"Ina za ka?" in ji Tokuji.

"Gida."

"Na bayan fa?"

"Na baya lafiyarsa lau. Na duba shi sau uku."

"Kai ka ce."

Shigeo ya sake buɗe kwalbar. Ya ja gwiwoyinsa zuwa wilin baya, wanda rana ta faɗa a kansa yana ɗaukar ido.

"Duka bakwai ɗin," in ji Tokuji. "In ka gama ka koma sauran shida na gaba."

Ya ɗora samfefar ya fara ja. Da ya gama hannu na farko ya jiƙa shi, ya goge, ya miƙa hannu zai ɗauki ƙullin alli, sai ya tarar Tokuji ya riga shi.

"Kai dai kankare," ya ce. "Allin ni zan barbaɗa."