Inda Ake Buga Tebur

Likitan bai ɓata lokaci ba. Ya leƙa maƙogwaron Malam Tarihi da 'yar fitilarsa, ya kashe ta, ya ce wani ƙari ne ya fito a kan igiyar muryar, kuma kafin a yi aiki da bayan an yi, magani ɗaya ne: shiru. Ba magana, ba raɗa, ko gyaran murya ba ya so ya ji. Malam ya buɗe baki zai tambaya har zuwa yaushe, likita ya ɗaga masa yatsa.

"Ka ga irinta ko? Tun ba ka fita ba ka fara karya doka. Wane aiki kake yi ne?"

Matarsa ce ta amsa. "Koyarwa, likita. Wato surutu daga safe har azahar."

To, ga wanda bai san makarantar ba, sai ya ce ai abin mai sauƙi ne, a ba yara littafi su karanta kafin malaminsu ya warke. Wane littafi? Tun kansa yana da baƙin gashi aka ce littattafan tarihi suna hanya, ga shi furfura ta cinye kan, su kuwa suna can a hanyar. Ɗakin da aka rubuta wa laburare a ƙofa, karyayyun bencina ne a ciki da wata fanka marar fuka-fuki. Saboda haka Malam ya zama littafin, kuma ba ya ɓoye alfaharinsa. Yakan dafa ƙirji a ofishin malamai ya ce duk babin da ake nema yana nan ciki, ba ya yagewa, ba ya jiƙewa, ba a sace shi.

Yana da yadda yake yi. Zai shigo ya zauna a gefen tebur ya kama labari, sarakuna su hau su sauka, garuruwa su cika su watse, yara suna saurare ko suna gyangyaɗi, bai dame shi ba. Amma da ya zo kan abin da ya san zai fito a jarrabawa, shekara ko sunan sarki ko sunan yarjejeniya, sai ya dunƙule hannu ya bugi tebur sau biyu, ƙwas, ƙwas. Nan take duk kai ya sunkuya, duk biro ya sauka. Har mai barci yakan farka ya rubuta ya koma. Gaɓar yatsarsa ta tsakiya ta yi kanta saboda bugu, yaran kuma suka laƙaba masa Ƙwas-ƙwas a bayan idonsa. Ya sani, kuma sunan yana yi masa daɗi, don kowace shekara ɗalibansa suna ci.

Yanzu ga 'yan ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta matso, babi guda ya rage bai taɓa ba, babin rushewar tsohuwar daula, wanda kusan ba shekarar da ba ya fitowa. Ya je wurin firinsifal da takardar likita. Firinsifal ya karanta, ya shafa fuska, ya ce Allah ya ba da lafiya.

"Amma Malam, wa zan saka? Mai lissafi ne zai shiga, ko ni? Ka daure ka riƙa zuwa ko zama ne ka yi musu. Ganinka ma wani abu ne."

Malam ya koma gida ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Littafinsa na kwaleji yana nan, bango ya tafi, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi. Ya kai shagon bakin titi aka yi masa fotokwafin babin, ya raba benci-benci, ya rubuta a allo da manyan baƙi: Ku karanta, ku fitar da abin da ya fi muhimmanci, gobe zan duba. Ya tafi gida da ɗan sanyi a ransa, yana ganin ya sauke nauyi.

Washegari ya fara da monitar ajin, yarinya mai natsuwa wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba. Ta miƙo masa littafinta da hannu biyu. Ta kwafe babin kaf, kalma da kalma, har da lambar shafi, har da rubutun da ke ƙarƙashin hoton da injin ya mayar baƙi ƙirin. Yatsunta duk tawada. Ya zagaya sauran. Wasu sun kwafi rabi sun gaji, wasu sun ja layi a ƙarƙashin kowace jimla, yadda da ba su ja ba ma duk ɗaya. Wani zanƙalelen yaro a bencin ƙarshe, Dogo suke kiransa, ko ɗigo bai yi ba, ya naɗe takardar yana fifita da ita.

Malam ya koma allo ya rubuta: Ban ce ku kwafa ba. Ya ja layi a ƙarƙashi har allin ya karye.

Monita ta miƙe. Ba rashin kunya a muryarta, tambaya ce tsakani da Allah.

"Malam, mun karanta. Wallahi mun karanta. Amma su ba su nuna inda ake buga tebur ba."

Ya jira dariya. Da an yi dariyar da ya ji sauƙi. Ba wanda ya ko murmusa, duk sun zuba masa ido suna jiran amsa, don tambayar kowa ce ta yi. Ya ɗauki jakarsa tun ba a kaɗa ƙararrawa ba ya fita.

Da la'asar yana kwance a doguwar kujera, matarsa tana guga a tsakar ɗaki. Tun da aka hana shi magana ta samu fili, sai ta yi tambaya ta ba kanta amsa. Ya rubuta mata abin da ya faru a bayan ambulan ɗin magani, ta karanta, ta ajiye, ta ci gaba da guga.

"To mene ne abin jigum a nan, Baban yara? Baki likita ya ɗaure maka, bai ɗaure hannu ba. Ka sa ɗaya ta karanta, kai ka buga musu. Shekara nawa kana bugun nan, yau ne za ka ga aibinsa?" Ta juya rigar. "'Ya'yan mutane ne fa. In sun faɗi ba ruwan iyayensu da maƙogwaronka."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ci masa rai. Ya juya fuska bango. Sai ga wani tsohon ɗalibinsa ya faɗo masa a rai, wanda ya taɓa kawo masa gaisuwa daga jami'a, ya rame, yana ta murza hula a hannu. Malam ya tambaye shi karatu, yaron ya ce, "Da wuya, Malam. A can ba a buga tebur." Shi kuwa ya tuntsire da dariya, ya ɗauka yabo ne, har ya kai labarin ofishin malamai. Bai sake jin ɗuriyar yaron ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Ya gaji. Gajiyar ba ta jiki ba ce, barci ba ya maganinta.

Da safe ya shiga aji da niyyar bin shawararta. Ya nuna monita, ya nuna takarda, ya zauna a gefen tebur ya ɗora dunƙulallen hannunsa a kai. Sai ka ga fuskoki sun washe, aka gyara zama, aka cire marfin biro. Monita ta fara karatu da muryarta mai kaifi.

Ya ɗaga kai ya dubi ajin. Takarda tana gaban kowane benci, shi da kansa ya raba, amma ba ido ɗaya a kanta. Duk idanun suna kan hannunsa. Har ita mai karatun tana satar kallonsa a ƙarshen kowane layi. Yara ne masu kai, ya san su, wasu sun fi shi kai ma, ga su zaune baki sake suna gadin ƙashin yatsan wani tsoho. Ya ji kunya ta rufe shi, ta kansa, ba tasu ba. A hankali ya janye hannun ya cusa shi cikin aljihu.

Monita ta iso kan shekarar da daular ta faɗi. Ta rage sauri. Ta dube shi, ta maimaita jimlar, ta sake dubansa. Hannun yana motsi a aljihu kamar ba nasa ba, ya matse shi da cinya. Ya san shekarar nan za ta fito, ya san bugu biyu kawai zai ba su maki a arha. Bai buga ba. Ta wuce shekarar.

Ta ci gaba da karatu. Ta karanta yadda sarkin ƙarshe ya ƙara haraji, yadda aka jera shekarun fari, yadda manoma suka bar gonakinsu suka watse.

Ƙwas, ƙwas.

Daga bayan aji bugun ya fito, daga bencin Dogo. Kafin a ankara duk kai ya sunkuya, biro yana gudu a kan takarda. Monita ce kaɗai ta tsaya, ta juya.

"Kai, wa ya sa ka?"

"Na ga ba wanda ya buga ne," in ji Dogo, yana sosa ƙeya.

"Nan ba wurin bugu ba ne. Shekara ake buga wa, da suna."

"To in manoma sun gudu, sojojin me za su ci? Ai nan ta faɗi. Shekarar kawai ranar da aka ji labari ce."

"A jarrabawa haka za ka rubuta musu?"

Wata daga tsakiya ta ce harajin ne ya kori manoman, ba fari ba. Wani ya ce ta duba da kyau, fari aka fara ambata. Aka ji ƙarar takarda, wani yana juya shafi baya don ya gani. Sannan, kamar an haɗa baki, duk suka waiwayo gaba.

"Malam," in ji monita, "a bar shi ko a goge?"

Alli yana nan kusa da gwiwarsa, kalma ɗaya a allo ta isa. Ya dube ta. Ya san lokaci ya ƙure, ya san a wannan babin wasu za su sha ƙasa, wataƙila har da ita, kuma shi za a zaga, da gaskiyar masu zagin. Abin da ya kamata ya fara da su tun suna ajin farko, yau yake farawa, saura kwanaki kaɗan, kuma ba baki. Bai taɓa allin ba.

Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya tashi. Monita ta daɗe tana kallon aljihunsa, idonta ya kawo ruwa don haushi. Da ta tabbatar hannun ba zai fito ba, sai ta zauna, ta jawo takardar gabanta, ta ɗora yatsarta mai tawada a layin farko, ta soma daga sama, wannan karon ba da ƙarfi ba.