Hoton Kunkuru a Guje

A ɗakin shan kofi na ƙungiyar masu tseren mota akwai bango guda da Sixten ba ya yarda ya zauna yana fuskantarsa. Hotuna ne reras a jiki tun na zamanin baƙi da fari, kuma dokar bangon ɗaya ce tal: a ɗauki hoton a kan hanyar tsere, motar ta fito tas har a karanta lambarta, abin da ke bayanta kuwa, itatuwa da shinge da 'yan kallo, duk ya zama zare-zare. Hoton da ba haka ba, mai shi ya kai gida ya rataye a kicin.

Duk wanda ya daɗe yana taka mota a tsohon filin jirgin nan yana bangon, ban da Sixten. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, matarsa Gullan ce mai ɗaukar hotunan.

Ba laifinta ba ne. Gullan ta san aikinta. Takan tsaya a tsakiyar hanya ta bayan shinge, ta kafe ƙafafu, ta matse gwiwar hannu a jiki, ta bar idon kyamara ya ɗan jima a buɗe. In mota ta taho sai ta bi ta da juya ƙugu, ba gaggawa ba jinkiri, ta danna tana cikin juyawar. Duk abin da ke tafiya tare da motar sai ya fito sarai, sauran duniya ta narke. To amma sai motar ta iso inda take. Ta Sixten kuwa, wata tsohuwa koriya da ya haɗa da hannunsa, wadda ake wa laƙabi da Kunkuru, ba ta taɓa isowa da ranta ba. Ko ta yi tari ta mutu a layin farawa, ko ta tashi da hayaƙin da ba a ganin kowa.

Bana ce ta ƙarshe. Likita ya duba idonsa ya ce ba zai sake sa masa hannu a takardar izinin tsere ba, ga shi wannan Lahadin ce ake rufe tseren shekara.

Da safe suna shan kofi da burodin kirfa sai ga Ebbe, ƙanin Gullan, shugaban ƙungiyar, wanda hotunansa suka cinye rabin bangon. Ya zuge rigar tserensa zuwa ƙugu ya ɗaure hannayenta a ciki, kamar yadda ya saba don a ga ƙirji.

"Suruki, yau ma Kunkuru zai fito?" in ji Ebbe. "Ka gaya mini in aika a kawo wa 'yan kallo barguna, kada dare ya same su."

"Ci burodinka," in ji Sixten, kunnuwansa sun yi ja.

"Yaya, ki daina wahalar da ƙugunki. Ki kawo mai zane ya zauna ya zana ta a nutse, ai ba inda za ta."

Gullan ta ci gaba da goge gilashin kyamara. Wanda ya san ta ya san da wata a ƙasa.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga kan daji. In ruwa ya taɓa kwalta an tashi ke nan, shi ya sa kowa ke duban sama. Sixten ya shiga layi, Ebbe na bayansa yana jiran nasa zagayen. Fitila ta yi kore. Kunkuru ya yi wani kukan kura, ya zabura, har zuciyar Sixten ta ce yau dai an dace. Sai injin ya yi atishawa ya yi tsit. Motar ta gangara ta tsaya cik, tun ba ta kai wurin Gullan ba.

Ebbe ya dubi sama, ya dubi motar da ta tare masa hanya. Bai jira ma'aikatan fili ba, ya ruga ya dafa bayanta.

"Riƙe sitiyari, suruki! Ko a ka ne sai na fitar da kai daga nan!"

Ya tura da iya ƙarfinsa, da yake hanyar na da ɗan gangare har da gudu. Gullan kuwa ta murɗa wani abu a kyamara, ta kafe ƙafafu, ta bi su da ƙugu sannu a hankali kamar mai rawar tsofaffi. Ta danna.

Ran da aka taru rufe shekara, ta ajiye hoton a kan tebur. Ga Kunkuru tas, lamba ɓaro-ɓaro, daji ya zama koren zare a bayansa, sai ka rantse tayoyin ba sa taɓa ƙasa. Sixten ya daɗe yana kallo. Ya san ƙarya ce, amma hawaye suka cika masa ido, don haka yake ganin motar a ransa tun ranar da ya ɗaura mata kusar farko.

"Haba, Yaya!" Ebbe ya kwashe da dariya. "Ni fa na tura ta! An yanke ni ne kawai. Ƙarya ba ta hawa bangon nan ina shugaba."

"Gaskiyarka, ƙanena," in ji Gullan. "Zo ka ga cikakken. Shi ma ya cika doka, sai mu rataye shi."

Ta ja shi gefe ta buɗe jakarta. A hoton, ƙafafun Ebbe sun narke saboda gudu, amma sauran jikinsa tare da motar yake tafiya, don haka ya fito tas. Baki a wangale, jijiyar wuya a tashe, rigar tseren ta kwance ta sauka har cinya. Ga gajeren wando na ciki, shuɗi, da 'yan agwagi rawaya a jere, kowace ana iya ƙirga gashinta.

Ebbe ya rufe jakar da hannunsa biyu.

"Ina guduma?" ya tambaya.

Shi da kansa ya cire hotonsa guda daga tsakiyar bango, ya buga na Kunkuru a gurbin, ya ja baya ya daidaita shi. Aka tambaye shi ina maganar ƙarya, ya ce kofi ya huce, a sake dafawa.

A hanyar gida Sixten ya ce, "Gullan, ɗayan fa? Wanda ba ki yanke ba."

"Me za ka yi da shi, tsohona?"

"Gareji zan rataye, saitin inda nake zama. Shekara da shekaru yaron nan yana cewa ba mai iya sa motata ta yi gudu." Ya share ido da bayan hannu yana dariya. "Ki wanko mini babba. Idona ya yi rauni, ina so in riƙa ganin agwagin."