Awon Fuska

Wani fensirin ya sake karyewa a hannun Mai Walda. Ƙarar ta sa sauran ɗaliban suka ɗago kai, tsofaffin ma'aikata da matan aure da suka kewaye wani kofin shayi da aka ajiye a kan tebur, kowa na fama ya ɗauko shi a takarda. Da suka ga yadda ya haɗe gira, sai kowa ya mai da ido kan aikinsa.

Malama, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta miƙo masa sabo. Sai da ya karɓa sannan ta ce, "Baba, fensir ba rodi ba ne. Lallaɓa shi ake yi."

Shekara da shekaru yana ƙera ƙofofin ƙarfe, har tartsatsi ya fara cin idonsa, likita ya ce ya ajiye aiki. Hannun da ya saba lanƙwasa rodi, ya saba da ƙeyar ma'aikatansa, ya wayi gari ba abin yi, sai gida ya ɗauki zafi. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta sa shi a ajin masu fara koyon zane da ake yi a saman ɗakin karatu, wai ko ya bar matarsa, Tsohuwa, ta sha iska. Ya rantse ba zai je wasan yara ba. Ya kuwa je, domin duk duniya Auta ce kawai ke gaya masa magana ya ji.

Abu ɗaya ne ya zaunar da shi a ajin, shi ne awo. Malama ta koya musu mutum ya miƙe hannu sambal, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita kan fensir da gefen abin da yake kallo, ya zame babban yatsa har ya kai ɗaya gefen, sannan ya kai wannan awon kan takarda. Takan ce kan mutum maƙaryaci ne: ya riga ya san bakin kofi zagaye ne, don haka zagaye zai sa hannu ya zana, alhali daga inda mutum yake zaune ba haka yake ba. A zana abin da aka gani, a bar abin da aka sani. Wannan ya shige shi, don shi ma bai taɓa yarda da ƙofar da ba a auna ba.

Da suka wuce kofi da takalmi da kujera, aka ba su aikin gida, kowa ya zano fuskar wani nasa. Tsohuwa ta ce a kai kasuwa, fuskarta ta gama aiki. Ana haka sai ga Auta ta zo gaida su da hantsi, ta sha hoda, ta ja mayafi har gefen baki. Ya zaunar da ita kusa da taga ya ce ta sassauta mayafin. Ta yi dariya ta ce in ya mai da ita dodo ba za ta yafe ba.

Ya miƙe hannu, ya rufe ido. Daga karan hanci zuwa kuncin dama, ya sa alama. Daga karan hanci zuwa kuncin hagu, yatsan ya wuce alamar. Ya yi tsaki ya goge. Fuskar Auta ya san ta tun tana cikin zanen goyo, daidai take kamar an ƙera ta da ma'auni. Ya zana ta yadda ya san ta, sai zanen ya fito wata kyakkyawar baƙuwa. Ya sake aunawa, yatsan ya sake wucewa. Ya goge har takardar ta fara hujewa. Daga nan ya tuna faɗan Malama, ya bar hannu ya bi yatsa. Muƙamuƙin hagu ya fito a kumbure, fatar ido ɗaya ta sauko, ga wani duhu a ƙarƙashin hodar da ba inuwar taga ba ce.

Ya ajiye allon zanen a cinya.

"Wa ya taɓa ki?"

Ta ce zamewa ta yi a banɗaki. Tsohuwa, da ke bakin ƙofa tana ninke wanki, ba ta ɗago kai ba, ta ce banɗaki kam akwai santsi.

"Buɗe bakinki."

Auta ta ƙi. Ya kama haɓarta da yatsu biyu, ta saki wata ƙara da ta shiga masa har ƙashi. Haƙori ɗaya na gefe babu shi.

Ya miƙe tsaye. Ya shiga ɗakin da ya tara tsoffin kayan aikinsa, ya fito da guntun rodi mai tsawon kamu. Auta ta sha gabansa tana roƙo, tana cewa mijinta Dogo ya ba ta haƙuri, ya yi kuka, ya yi rantsuwa. Ya ture ta gefe da kafaɗa, har ta daki bango.

Dogo, mijin Auta, bakanike ne mai garejin kansa a bayan tashar mota. Mai Walda ya same shi kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Ya kama ƙafa ɗaya ya fizgo shi kamar buhu. Dogo ya fito da murmushi a fuska, yana goge baƙin mai a riga, yana shirin durƙusawa ya gai da suruki.

"Baba, ai da ka aiko—"

Rodin ya same shi a gwiwar hannu. An ji ƙarar kamar an taka busasshen ice. Dogo ya faɗi a kan tayoyi, ya mirgina, ya rarumo sifana da ɗaya hannun, sai ya tsaya yana duban tsohon, bai san ko ya ɗaga ba. Wannan tsayawar ce ta cuce shi. Na biyu ya sauka a haƙarƙari, na uku a ƙauri. Ya yi rarrafe zai koma ƙarƙashin motar, Mai Walda ya take masa baya, ya juyo shi, ya haye ƙirjinsa. Ya yar da rodin, don ƙarfe ba ya jin abin da yake duka, shi kuwa so yake ya ji.

Hagu ya zaɓa. Muƙamuƙin hagu, kuncin hagu, idon hagu. Yana duka yana duba, yana duba yana ƙarawa, kamar mai daidaita ƙofar da ta karkace. Jini ya cakuɗe da baƙin mai a kan siminti. Haƙori ya fito ya shige ƙarƙashin jak ɗin ɗaga mota. Dogo ya daina cewa Baba, ya koma wani gurnani irin na dabbar da aka ɗaure.

Kanikawan garejin sun yi cirko-cirko da farko, don ba wanda ya san yadda ake kama tsoho da furfura a gaban jama'a. Da suka ga abin zai kai ga rai, suka rufar masa. Ya daki ɗaya da gwiwar hannu a baki, ya ciji wani a kafaɗa. Naushin ƙarshe da ya kai, Dogo ya kawar da kai, hannun ya samu bakin ƙarfen taya. Yatsun suka tashi daga inda Allah ya ajiye su, babban yatsa ya juya baya.

'Yan sanda sun zo sun tafi da shi, amma bai daɗe a hannunsu ba. Dogo, daga gadon asibiti, ya ƙi shigar da ƙara, don in ya shigar sai an tambaye shi dalili. A unguwa masu yabo suka yi ta yabo, suna cewa haka uba yake. Mai Walda ya dawo gida da hannun dama a ɗaure cikin farin filasta, yana tafe yana amsa gaisuwa da kai.

Auta ta dawo ɗakinta na da, da akwatinta. Ba ta ce ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba. Abin da ya lura da shi kawai, in ta kawo masa ruwa, daga nesa take ajiyewa, kuma idonta na kan lafiyayyen hannun har ta fita. Ya ce a ransa sauran tsoron Dogo ne, zai wuce.

Likita ya ce yatsun za su haɗe, amma babban ba zai ƙara lanƙwasa ba. Malama ta zo duba shi da takardu da fensira. Ba ta taɓo zancen gareji ba. Ta ce kada ya bar ido ya yi tsatsa, ya gwada da hagu. Hannun hagu bai iya komai ba, in ji ta, shi ya sa bai iya ƙarya ba, duk abin da ido ya ba shi haka zai ajiye.

Washegari da safe ya kira Auta ta zauna ya ƙarasa zanen, ta ce kanta na ciwo. Ya juya ga Tsohuwa, a shirye ya yi faɗa in ta ƙi. Sai ta ajiye tsintsiya, ta goge hannu a zane, ta je ta zauna a kujerar nan ta bakin taga, ta zame ɗankwali baya.

Ya ɗora allon a gwiwa, ya tokare shi da filastar. Da ya miƙe hannun hagu wajen fuskarta, sai ya ga kanta ya ɗan noƙe cikin kafaɗu, kaɗan dai, irin abin da sai mai awo zai gani, sannan ta gyara zama.

Ya rufe ido ɗaya. Ya tsai da fensirin a tsakiyar goshinta, ya sauko da ido yana bin layin zuwa haɓa, yadda aka koya masa. Karan hancin bai bi layin ba, daga tsakiya ya kauce. Ya ce hannun ne ke rawa. Ya ja numfashi ya sake tsayarwa. Hancin bai dawo ba. A girar hagu akwai wata 'yar hanya fara inda gashi bai ƙara fitowa ba. Ƙashin kuncin wannan gefen ya fi ɗan'uwansa faɗawa ciki. Kuma tun da ta zauna, kunnen dama ta juyo masa, kamar yadda take yi kullum in yana magana, abin da ya daɗe yana kira taurin kai.

Tun tana budurwa yake kwana yana tashi da fuskar nan. Fensirin ya tsaya a sama, ya kasa saukowa kan takarda.

"Hancin nan naki," ya ce. "Yaushe?"

Tsohuwa ba ta motsa ba, don ta ji Malama na cewa wanda ake zanawa ba ya motsi. Leɓenta kawai ya buɗe.

"Banɗakin gidan nan ma da santsi yake a da," ta ce. "Auna da kyau, Malam. Ba sauri nake ba."