Cigiyar Allah Ditta

Tun azahar Mushtak ke neman mahaifinsa, Allah Ditta, tsohon da ruɗewa ta kama har ba ya gane 'ya'yansa. Tsohon ya fice ba takalmi. Ga rake ya fi mutum tsayi, ga magudanar ban ruwa cike maƙil a bayan gonaki. Mutum ɗaya ba zai iya wannan nema ba, sai ƙauye ya fito.

Mushtak ya faɗa masallaci yana haki, ya roƙi liman, Maulawi Sarwar, ya yi cigiya a lasifika. Liman ya ce sam. Tun da aka yi rigima kan cigiyar baunar gida da tallar taki, kwamitin masallaci ya yanke: kiran salla da sanarwar rasuwa kawai, sauran duk lamarin duniya ne. Kuma don Allah dubi mutumin nan, a wannan hali ya tsaya bayanin wai asalin kalmar duniya a Larabci abu ne na kusa, na ƙasa-ƙasa. Mushtak ya riƙe masa gwiwa yana kuka. Shi ma liman idonsa ya kawo ruwa, amma tsoron kwamiti ya fi ƙarfinsa.

Mushtak ya fita, ya yi zagaye ɗaya a bakin ruwa. Ya dawo ya tsaya a ƙofa.

"Maulawi sahib, an same shi. Ya rasu."

Ƙarya ce, kuma bakinsa ya yi ɗaci da faɗarta. Nan take lasifika ta ɗauka, sau uku. Kafin la'asar ƙofar gidansu ta cika, ƙannensa mata na birgima a tsakar gida, shi kuwa ya rasa ta inda zai fara ce wa jama'a su bazu cikin rake.

Yana haɗa maganar a ransa sai ya hangi tsohon a bayan taro, taɓo har gwiwa, ƙafa na jini. Sanarwar ce ta fito da shi. Ya ratso mutane suna ja da baya, ya kama hannun Mushtak ya yi masa gaisuwa yadda ake yi wa baƙo.

"Allah ya ba ku haƙuri, ɗana. Na ji an ce Allah Ditta ne ya rasu. Ya bar 'ya'ya kuwa?"