Gwangwanin Rahina Mai Tuwo

A tashar Tasawa, in aka ambaci Rahina mai tuwo, kowa da abin da zai ce. Direbobin hanyar Maradi sun ce saboda miyarta suke barin fasinja su gasu cikin mota. Masu kabu-kabu sun ce ba ta da fara'a, amma ludayinta ba ya rowa. Matan unguwarsu sun ce tun da mijinta ya rasu ba ta miƙa wa kowa hannu ba, da tukunya biyu ta riƙe 'ya'yanta uku a lakwal, makarantar boko. Wannan duk zancen da ne. Tun daga daminar bara magana ɗaya ta rage a bakin mutane: ita ce matar nan mai gwangwani.

Dalhatu ne ya ja mata. Ɗan maƙwabciyarta ne, ya yi wata shida a Maradi yana riƙe wa wani mai ɗaukar hoton biki fitila, ya dawo da kamera da baƙin tabarau, ya ce daga yau a kira shi realizater, wato mai shirya fim. Ilimi guda yake da shi game da mata, kuma kyauta yake raba shi a teburin mai shayi: mace a fim iri biyu ce, wadda ke kuka da wadda ke sa a yi kuka. Da ya tashi yin fim ɗinsa, ta farko bai sha wuyar samu ba, akwai Mansura, wadda ake shafa wa albasa a bakin mayafi. Ta biyun ce ba wadda ta yarda. Sai ya zo wa Rahina da magiya, ya ce abin minti biyu ne, ba sai ta bar rumfarta ba, ba sai ta ce uffan ba. Abin da take yi kullum kawai za ta yi, ta buɗe gwangwani ta barbaɗa garin busasshiyar kuɓewa a miya. Ya roƙe ta ta ɗan waiga hagu da dama kafin ta zuba. Ta waiga, don dama akwai wata akuya da ta saba yi mata ɓarna.

Da fim ya fito, an ɗora wa waigen nan wani kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Labarin wata bazawara ce da ke kama maza da abinci. Abbas, wanda ya fito a mijin Mansura, ya yi loma uku, idonsa ya juye, ya sayar da gonarsa, ya koma ɗauko wa mai tuwo ruwa. Mansura kuwa ta yi kuka tun daga farko har rubutun ƙarshe. Masu cajin waya suka yi ta zuba wa mutane shi a kart memuwar, katin ajiya na waya, ya kai Mayahi, ya kai Gidan Amumune. Dalhatu ya yi kashi na biyu da na uku, kowanne da waigen nan guda.

Babu direban da ya ce ya yarda da fim. Kowa cewa yake ai wasa ne. Sai dai gaisuwa ta koma daga nesa, wannan ya ce yana azumin nafila, wancan ya ce likita ya hana shi yauƙi. Tukunya biyu ta koma ɗaya, ɗayar ma tana komawa gida da rabi. Waɗanda suka ƙaru su ne mata. Ranar kasuwa sukan zo daga ƙauyukan Kanan-Bakashe, su rage murya, su ce ko ɗan tsinke ne a taimaka musu da shi. Rahina ta buɗe gwangwani ta ce su sansana, kuɓewa ce. Su sansana, su kalli juna, su ce sun gane, ba kowa ake ba ba.

Ta sami Dalhatu ta ce abu ɗaya take so: ya tsaya a tasha ya gaya wa mutane da bakinsa abin da ke cikin gwangwanin, ya ba ta haƙuri a inda ya ɓata ta. Ya gyara tabarau ya ce ita ba ta san darajar da ta samu ba, mata nawa ke neman a san fuskarsu. In ya tona, kashi na huɗu ya mutu. Ban haƙuri kuma, namiji ya ba mace a bainar jama'a, ko a fim ba zai rubuta shi ba, don 'yan kallo za su ce a mayar musu da kart ɗinsu.

"Yaya Rahina, c'est du cinéma, sinima ce kawai," in ji shi. Ya tafi.

Amma ciki ba ya kallon fim. Dalhatu da miyar Rahina ya girma, kuma bai iya barinta ba. Kullum bayan azahar yakan zagayo ta bayan rumfa, ya zauna inda zana ta kare shi, ta zuba masa saboda idon mahaifiyarsa. Wata biyar ana haka. Ran nan ta kwance zanar tun da safe, ta ce gara ta cinye ta. Ya zo ya ga fili, ya yi jim, ƙamshi ya rinjaye shi, ya zauna. Da ya suɗe kwano sai ta ce bayanta na ciwo, ya ɗauko mata bidon ruwan can daga famfo. Ya ɗauko. Tasha kaf tana kallo.

Kafin la'asar labari ya riga motar Mayahi isa Mayahi: ta shanye realizater. Abbas ya ce ba zai ƙara karɓar umarni daga wanda ba shi ke riƙe da hankalinsa ba. A teburin mai shayi aka fara janye kofi in Dalhatu ya zauna. Ya tashi ya rantse cewa lafiyarsa lau, ba ta yi masa komai ba, shi ya ga dama. Wurin ya fashe da dariya, don kalmomin da ya rubuta wa Abbas ke nan a kashi na biyu, ba ragi ba ƙari, har akwai waɗanda suka ƙarasa masa sauran.

Kwana huɗu ya daure. A na biyar ya zo ba tabarau, ya roƙe ta ta fito ta gaya wa mutane ba ta sa masa komai ba. Tana goge ludayi, ba ta ɗago ba.

"Sinima ce, Dalhatu. Mi ya yi zafi?"

Ranar kasuwa ya ari lasifikar mai tallar maganin basir, ya tsaya gaban rumfar da gwangwani a hannu. Ya yi bayanin kamera, ya yi bayanin yadda ake ɗora kiɗa, ya kawo Faransanci inda Hausa ta isa. Ya ɗebi garin cokali guda ya watsa a baki don a gani, ya yi yauƙi ya liƙe masa a dasashi, ya yi ta fama da shi mutane na riƙe ciki. Wani ya ce yanzu kam ta gama da shi, har tsurarsa yake sha.

Wada, wanda ya fi kowa daɗewa a direbobin tashar, ya ratso ya zauna a bencin da ya yi wata da watanni ba kowa. Ya ce wa Dalhatu ya daina koya wa Hausawa kuɓewa, ba wanda bai san warinta ba tun ran farko, tsoron bakin juna ne ya kore su, har da shi. Ya ce in dai garin kuɓewar nan ne ya sa yaron nan ya rasa ta cewa, to a cika masa kwano. Mutum biyu suka matso bayansa, suna jira su ga ko zai mutu.

Rahina ta buɗe tukunya, ta cika ludayi, amma ba ta zuba ba. Ta tsaya tana kallon Dalhatu. Ya san in ya ba ta haƙuri za a ce ta shanye shi, shi ya koya musu. Ya haɗiye sauran kuɓewar da ƙyar, ya goge baki da hannun riga, ya kai lasifikar bakinsa.

"Yaya Rahina, ni na yi miki ƙarya, na ci tuwonki na ɓata miki suna. Ki yi haƙuri. Don Allah ki yafe mini."