Hancin Sarki Kahan

Kwana ashirin da binne Sarki Kahan aka aiko kiran Witsu masassaƙin dutse zuwa fada. Ya tarar da sabon sarki, Nupin, ƙanen marigayin, tsaye a kan jan daɓen tsakar gida, kusa da karagar dutsen da yayansa ya shekara goma sha tara yana zama a kai. Witsu ya durƙusa ya kafa ido a ƙasa, yadda kowane talaka yake yi.

"Wannan karagar ba mai sake hawanta," in ji Nupin. "Ka kwantar da ita, ka fito mini da kan yayana daga cikinta. Damina biyu na ba ka."

"Ranka ya daɗe, an gama."

Sai da ya gangaro daga tudun fada, ya kusa bakin kogi, sannan ya ja ya tsaya cak. Bai san fuskar Sarki Kahan ba. Ya yi masa aiki tun ranar da ya hau mulki, amma bai taɓa ɗaga kai a gabansa ba. Ƙafafunsa ya sani, da muryarsa.

Matarsa Soki tana niƙan masara ya faɗa mata. Ta saki ɗan dutsen niƙa ta dube shi.

"To da ka ce an gama, da me za ka gama?"

"Bakina ne ya riga ni."

"Ai kuwa bakinka zai sa a jefa mu bakin kada. Tashi ka je ka tambayi waɗanda suka san shi."

Ya fara da Poya, matar marigayin. Ta sa aka ba shi kakawa, abin shan manya mai kumfa, a ƙoƙo, abin da bai taɓa sha ba, ta ce mijinta dogon hanci gare shi, miƙaƙƙe, da manyan idanu, da leɓe kamar na mai shirin dariya. Witsu ya fito da murna, yana ta zana hancin a tafin hannunsa da ɗan yatsa.

Don ya ƙara tabbatarwa ya biya ta wurin Iya Tsukin, uwar sarakunan biyu, wadda tsufa ya cinye mata gani. Da ta ji abin da Poya ta ce sai ta yi tsaki.

"Dogon hanci? A gidan wa? Ɗana hancinsa a baje yake tun ranar da ƙwallo ta daki fuskarsa a filin wasa. Kuma idonsa na hagu yana leƙen na dama. Ni na haife shi, ɗan nan, ba labari aka ba ni ba."

Witsu ya je neman Maku, tsohon ɗan ƙwallon da ya yi wasa da marigayin tun suna samari. Ya same shi a inuwa yana gasa kifi, ƙugunsa ya riga ya lalace da dukan ƙwallon roba, don da ƙugu ake buga ta.

"Ƙwallon nan ni na buga ta," in ji Maku yana dariya. "Amma muƙamuƙi ta samu, ba hanci ba. Wanda hancinsa ya fashe ai Nupin ne. Ko kuwa... tsaya. Wace shekara ce kogi ya ci gonakin rogo?"

"Baba Maku, hanci nake tambaya."

"To ai shi nake lalubo maka. Kahan dai yana da hanci, wannan na tabbata."

Mutum ɗari uku suka kwantar da karagar da igiyoyi da gungume. Witsu ya zagaya ta ya fi a ƙirga. Dutse ba yumɓu ba ne, abin da ka cire ya tafi ke nan. Kuma wannan dutsen daga duwatsun gabas aka jawo shi a zamanin kakanni, a kan kwale-kwalen da aka ɗaure wuri ɗaya, har yau ana kiran sunayen waɗanda ruwa ya ci a hanya. Don haka ya kama aikin da ba gardama a kansa. Ya zagaye ƙeya, ya fitar da hular wasan ƙwallo da tambarin faratan damisa, ya yi kunnuwa da 'yan kunnensu. Ma'aikatansa suna daka da dutse, suna gogewa da yashi da ruwa. Damina ɗaya ta wuce, ga kai ga hula, fuska kuwa fili fetal.

"Maigida," in ji ɗaya daga cikin ma'aikatan, "ko sarkin namu ya juya mana baya ne ta kowane gefe?"

Ana haka Nupin ya zo duba aiki. Ya zagaya dutsen, ya tsaya inda fuska za ta kasance.

"Me kake jira?"

"Ranka ya daɗe, maganar hanci ce ta rabu uku."

"Ba ta rabu ba. Ni da yayana kamar an tsaga kara muke. Ɗago ka dube ni."

Witsu ya ɗago. Madubin baƙin dutsen da ke ƙirjin sarki ya kama rana ya watsa masa a ido. Ya ga goshi mai tattara, ya ga wani abu kamar hanci, sai ya yi maza ya sunkuyar da kai. Da sarki ya tafi ya nemi fuskar a zuciyarsa ya rasa. Goshin kaɗai ya rage.

Soki ce ta warware masa abin da duk garin ya sani ban da shi. 'Yan'uwan Poya suna yaɗa cewa Nupin ba ɗan tsohon Sarki Tukun ba ne, uwa kawai suka haɗa da Kahan, don haka ɗan Poya ya kamata ya gaji karaga.

"Idan kan ya yi kama da Nupin, 'yan'uwan Poya za su ce an saye ka. Idan bai yi ba, Nupin zai ce ka bi su. Ka gane yanzu?"

"Na gane," in ji Witsu. "To wane hancin zan yi?"

Ta ɗauki tulunta ta fita.

Da lokaci ya ƙure ya kama fuskar ba tare da ya yanke shawarar komai ba. Ya ba Nupin goshinsa mai tattara. Ya ba Poya leɓenta. Ya ba Iya Tsukin idon da ke leƙen ɗan'uwansa, amma kaɗan, yadda za a iya musantawa. Hancin kuwa dutse ne ya raba gardama, don akwai wani tsohon rami da aka sassaƙa a gaban karagar tun asali, wanda bai bar tudun da zai isa dogon hanci ba. Ya fito a baje. Duk safiya Witsu yakan ja da baya ya dubi aikin, fuskar ta dube shi, bai san ko wane ne ba.

Ranar buɗewa gari ya cika tudun fada. Aka busa ƙahon katantanwa, aka yaye tabarmin da aka rufe kan da su. Muryar Poya ce ta fara fita.

"Wannan kuma wane ne?"

'Yan'uwanta suka fara gunaguni. Witsu, da yake durƙushe, ya ga yatsun ƙafar Nupin sun ƙanƙame daɓe. Ya fara tunanin wa zai riƙe masa Soki.

Sai Iya Tsukin ta ce a kai ta. Aka riƙe hannunta har gaban dutsen. Ta shafa leɓen, ta yi ɗage ta shafa hancin, ta daɗe a kansa. Can sai ta fashe da kuka.

"Tukun! Mijina ne, Tukun! Ga bakin da ya ba Kahan. Ku ɗaga ni in taɓa goshin. Ga shi nan, goshin Nupin, na ubansa. Wa ya nuna wa yaron nan mijina?"

Dattawa suka matso suna gyaɗa kai. Maku ya ɗaga sandarsa yana ihu cewa shi tun daga nesa ya gane shi. Kafin rana ta karkata, mutanen da aka haifa bayan mutuwar Tukun suna rantsuwa cewa shi ne sak. 'Yan'uwan Poya suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Nupin ya sa aka rataya wa Witsu koren dutse a wuya.

Witsu bai taɓa ganin Tukun ba, sai bayan an binne shi ya fara aikin fada. Kwana uku abin yana cin sa, a na huɗu ya tafi wurin tsohuwar.

"Iya, don girman ruwan sama ki gaya mini. Da gaske shi ne?"

Tana ɓare wake, ba ta fasa ba.

"Tukun siririn mutum ne, fuskarsa kamar ta ɓera. Amma jikana da ɗana suna shirin yanka juna, kana so in tsaya auna hanci?"

"To wa na sassaƙa?"

"Kai da ka yi kake tambayar makauniya?" Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. "Sai dai leɓen nan... da na taɓa shi gabana ya faɗi. Kukan ba duka na ƙarya ba ne. Tashi ka tafi, ka dame ni."

Ya fito ya fi yadda ya shiga ruɗewa. A gida Soki ta ce ita ta je ta duba da kyau, mai sayar da kunkuru na bakin mashaya ta gani, har kumatun.

Bayan girbi manzon fada ya zo. Sarki ya ce tunda wannan kan na ubansa ne, har yanzu yayansa ba shi da nasa. Za a tafi duwatsun gabas a jawo sabon dutse, kuma Witsu ne zai zaɓa.

Kwana tara suka yi a hanya, ta ruwa da ta ƙasa. A gindin dutsen, manyan duwatsu baƙaƙe suna zube cikin ciyawa ko'ina, mutum ɗari biyar suna tsaye da igiyoyi a kafaɗa. Shugaban masu ja ya share gumi ya ce, "Maigida, wanne ne Kahan a ciki?"

Witsu ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Ya nuna wanda ya fi kusa da ruwa, mutane suka fara ɗaura igiya.