Ƙanƙarar Eduviges

Duk garin Gibara babu wanda bai san Anacleto da 'yar amalankensa ba. Ba wata ta a zo a gani ba ce: siririn ƙarfe ne mai tayoyi biyu da igiyar roba, irin wadda matafiya ke ɗora akwati a kai, in sun gama su ninke ta su maƙale a hammata. 'Yarsa ce ta zo da ita daga ƙasar waje, da za ta koma ta bar masa. Shi kuwa ko ƙofar jirgin sama bai taɓa leƙawa ba, amma ya sa amalanken nan aikin da jaki zai ƙi. Tukunyar gas, jarkar ruwa, buhun gawayi, teburin wasan domino, har ɗan alade ya taɓa ɗaurewa a kai, yana tsala ihu tun daga kasuwa har gida.

Bai taɓa zama a aji ba, kuma ba ya ɓoyewa. Teku ce makarantarsa. Guguwa nawa ta zo ta wuce ta bar shi tsaye! Jirgin kamun kifi ya taɓa kifewa da shi, ya fito da ƙarfin damtsensa. Irinsu an daina haifa, in ka yi gardama ya tuɓe riga ya nuna maka tabo. Abu ɗaya ne ba ya iya riƙewa, bakinsa. Wanda ya tsaya gaisawa da shi da hantsi, sai rana ta take zai samu kansa.

Guguwar bana ta kwashe turakun wuta, firji ya mutu. A cikinsa kuwa akwai ruwan allurar ciwon suga na matarsa Eduviges, wanda in ya sha zafi ya tashi aiki, kuma malamar asibiti ta ce babu wani sai an gyara gadar da guguwar ta karya.

"Tsoho, kwalaben nan sun fara ɗumi," in ji Eduviges.

"Ina raye? Tsohuwa, ni da na ga bayan teku, zafi ne zai kashe mini ke?"

"To, ka ga bayan tekun. Yanzu tashi ka gano mini ƙanƙara, ka bar surutu."

An ce gidan ƙanƙarar masunta, can bakin ruwa, ya tayar da janareta. Anacleto ya zari amalanke. Ya fara biyawa wurin kafinta ya cika buhu da garin katako, sannan ya gangara.

Ya tarar da mutane a warwatse, kowa ya laɓe a inuwa.

"Wa ke ƙarshe?" ya ɗaga murya.

"Ni ce, Baba," in ji wata mata mai bokiti.

Ya riƙe fuskarta a ka don ya san bayan wa yake a layi, ya samu gindin bango ya zauna. Ya dubi masu bokiti da masu leda, ya girgiza kai. Ruwan sanyi za su kai gida. Da layi ya zo kansa, Wilfredo mai saran ƙanƙara ya turo masa dunƙule guda, ya ce, "Kawu, a wannan abin wasan yaran za ka hau da ita tudu?"

"Abin wasan ya fi ka aiki. Riƙe mini bakin buhu."

Ya binne ƙanƙarar a garin katako, ya naɗe da wani buhun, ya tuɓe rigarsa ya rufa, ya tamke da igiyar roba. Rana ta riga ta yi tsakiya. Ya kama hanya, tayoyi na kuka.

Hanyar gidansa ɗaya ce, kuma dole ta bi ta gindin mangwaron da tsofaffi ke buga domino. Guguwa ta sare masa rassa, amma su suna nan. Tiburcio, abokin gardamarsa tun suna samari, shi ya fara hango shi.

"Ga sarkin teku nan tsirara! Me ka sato, ɗan'uwa?"

Anacleto ya ɗaga hannu kawai.

"A'a! Yau kurma ya zama? Zo ka sha gahawa mana, da zafinta."

A garin nan ba a ƙin gahawa. Ya ƙi. Ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Tiburcio ya buga domino a tebur, ya juya wajen sauran, ya buɗe murya yadda har maƙwabta za su ji. "Kun san ranar da jirgi ya kife da shi? Ni na tsamo shi. Da gashi na jawo shi, yana kuka yana kiran uwarsa!"

Dariya ta ɓarke. Anacleto ya ja burki. Ƙarya ce tsagwaronta! Tiburcio a ranar yana kwance da zazzaɓi, ko tafkin kwaɗi bai iya iyo a ciki ba. Amsa ta cika masa baki, tun daga yadda iska ta juya har yadda ya kama wata ganga da ke yawo a kan ruwa. Ya juyo, ya buɗe baki.

Sai ya ga ƙasa. A ƙarƙashin amalanken, ɗigo ya yi ɗan baƙin tabo a ƙura. Wani ya sake ɗiga a kai.

Ya haɗiye maganar. Ya sha ruwan teku a rayuwarsa, bai kai wannan ɗaci ba. Ya damƙi mariƙin amalanke ya wuce.

"Kun gani? Bai musa ba!" Tiburcio ya bi shi da ihu.

Tudun ya tarye shi. Ruwa ya cinye hanya, sai duwatsu da ramuka, ƙananan tayoyin suna ta maƙalewa. Ya juya ya rinƙa hawa da baya, yana ɗaga amalanken dutse bayan dutse, gumi na shiga masa ido. Ya tare rana da jikinsa don inuwarsa ta faɗa kan buhun. Ya so ya zauna. Bai zauna ba.

Eduviges na bakin ƙofa. Suka kwance buhun tare, ta share garin katakon da tafin hannu. Ƙanƙarar ta rame, amma tana nan, ta fi kan mutum girma. Ta naɗe kwalaben da tsumma don kada su daskare, ta jera su a kula tare da ƙanƙarar, ta danna murfi ta zauna a kai.

"Za ta kai gobe," ta ce. "Goben kuma fa?"

Anacleto na zaune a ƙasa, ya jingina da bango, numfashi na fita da ƙyar.

"Baza garin katakon nan a rana ya bushe," ya ce. "Da sassafe zan koma."